Kishin Allah Ba Sandar Dukan Kowa Ba Ce

Ba a coci na fara jin kalmar kishi ba. A tsakar gidanmu na fara jin ta, a Aboabo, nan Kumasi, gidan haya mai ɗakuna da yawa da famfo ɗaya. Babanmu ya auri mata biyu tun kafin ya karɓi baftisma, Mma, mahaifiyata, ita ce uwargida. Mace ce mai kirki, mai kyauta, wadda ba ta iya ganin yaro yana kuka ta wuce. Amma in ranar girki ta koma ɗakin amarya, sai ka ga wata mace dabam. Takan ƙirga yankan nama a cikin miyar tuwon zafi da ido. In Kirsimeti ya matso, ba kyan atamfar ne ke damun ta ba, wa aka fara miƙa wa. Da dare nakan farka in tarar da ita zaune a bakin katifa, ba ta addu'a, ba ta barci, kunnenta na waje. Tsofaffin gidan kan ce kishi kumallon mata, su yi dariya. Ni ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba, domin ina kallon yadda yake cin uwata har ƙashin wuyanta ya fito.

Don haka ranar da aka sa mu haddace Dokoki Goma a makarantar Lahadi, ina da shekara goma sha biyu, muka kai wurin da aka ce "gama ni Ubangiji Allahnka, Allah mai kishi ne," sai bakina ya tsaya. Sauran yara suka wuce, ni na kasa. Abin da ya hana Mma barci, shi ne ake cewa halin Allah ne? Ban tambayi kowa ba. A wancan zamani yarinya ba ta tambayar irin wannan.

A watan jiya, a taron zumuntar mata na ranar Laraba, wata yarinya mai sayar da takalma a kasuwar Kejetia ta yi tambayar da na haɗiye fiye da shekara arba'in. Ta ɗaga hannu ta ce, "Mma, to Allah ma yana da kishiya ne?" Wasu suka kwashe da dariya, wata dattijuwa ta tsawata mata ta ce saɓo ne. Na ce a ƙyale ta, tambaya ce ta mai hankali. Kuma ta wuce ɗakin zumunta, domin na ga yadda wannan aya ɗaya take yawo a bakin mutane a unguwanninmu, ana dukan mata da ita, ana zagin maƙwabta da ita, alhali waɗanda aka yi maganar dominsu sun toshe kunne.

Akwai masu wa'azi da suke ganin maganin abin shi ne a tausasa kalmar. Sukan ce ai ba kishi ake nufi ba, ƙauna ce kawai, a wuce wurin. Ban yarda da su ba. Littafin Fitowa 34:14 bai tsaya ga cewa Allah yana kishi ba, cewa ya yi sunansa Mai Kishi. Maimaitawar Shari'a 4:24 ta haɗa kishin da wuta mai cinyewa. Joshuwa ya maimaita shi ga jama'a a Shekem, Annabi Nahum ya buɗe littafinsa da shi. Abin da aka nanata haka ba a share shi don ya yi mana nauyi a baki.

Mu masu jin Hausa ma mun fi kowa rashin uzuri, don harshenmu ya riga ya yi mana rabin aikin. Muna da hassada, muna da ƙyashi, muna da kishi, kuma ba abu ɗaya ba ne. Mai hassada yana ƙin alherin da ke hannun wani, yana so ya zube ko da shi ba zai samu ba. Ba inda Littafi Mai Tsarki ya nuna Allah da wannan hali, kuma me zai yi wa hassada, shi da komai nasa ne? Kishi kuwa a kan abin da yake naka ake yin sa. Shi ya sa muke yabon mutum mu ce yana da kishin ƙasa, yana da kishin addini, yana da kishin zuci. In aka ce wa namiji a zango "ba ka da kishi," an zage shi: ana nufin za a wulaƙanta ƙanwarsa a gabansa ya ci gaba da shan shayinsa. Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita, wato kanna, daga tushen da ke ɗauke da waɗannan fuskoki biyu ta fito, zafin miji a kan matarsa da zafin mai himma a kan abin da ya ɗauka da daraja. A wannan siga tata kuwa ba a kiran kowa da ita a Tsohon Alkawari sai Allah. Turawa sun raba ma'anar gida biyu da kalmomi biyu, shi ya sa masu wa'azinsu ke ta faman bayani. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa tun 1932, kuma kalmar da muke karantawa a wannan aya har yau ita ce kishi. Ta zauna daram.

To, amma yarinyar Kejetia ba kishin ƙasa ta tambaya ba. Kishiya ta ce, kuma da gaskiyarta, domin a nan ne kalmar ta fi yi mana ciwo.

Kishin Mma daga tsoro ya fito. Miji ɗaya, aljihu ɗaya, ɗaki ɗaya mai fanka. Duk abin da aka ƙara wa amarya daga rabonta aka yanko, da na 'ya'yanta. Littafi Mai Tsarki ya san wannan ciwo sarai, bai ɓoye shi ba. Ga Rahila da Lai'atu, 'yan'uwan juna, suna gasar haihuwa a gidan Yakubu har da cinikin kwana. Ga Hannatu tana kuka ta kasa cin abinci saboda gorin Feninna, shekara bayan shekara. Wannan kishin mai rashi ne, mai fargabar gobe. Allah kuwa ba ya rasa komai in na juya masa baya. A Zabura 50 ya ce in da yana jin yunwa ba zai faɗa mana ba, domin duniya da abin da ke cikinta nasa ne. Manzo Bulus ya gaya wa mutanen Atina cewa ba a yi masa hidima kamar mai bukatar wani abu. Gunki ba kishiyarsa ba ce, don ba su haɗa komai ba. Ita kishiya ai tsararki ce, mai rai irinki, mai hakki a gidan. In ka bi maganar annabawa, za ka ga wanda ke yin asara a wannan ciniki mu ne. Irmiya ya ce jama'ata sun bar maɓuɓɓugar ruwan rai sun haƙa wa kansu rijiyoyi fasassu waɗanda ba sa riƙe ruwa. Duk wadda ta taɓa tashi da asuba ta bi layin famfo da bokiti, ta kai gaba aka ɗauke ruwa, ta san abin da ake nufi. Fushin da ke cikin ayar fushin mai kallon ɗansa ne yana tona rami a busasshiyar ƙasa, ga ruwa na gudu a bayansa.

A duba kuma inda aka ajiye kalmar. Dokoki Goma ba da "kada" suka fara ba. Da "Ni ne Ubangiji Allahnka wanda ya fisshe ka daga ƙasar Masar, daga gidan bauta" suka fara. Sai da ya cece su, ya ɗaura alkawari da su, sannan ya yi maganar kishi. A Fitowa sura ta 34 ma, bayan sun ƙera ɗan maraƙin zinariya ne, kuma ayoyi takwas kacal kafin a ce sunansa Mai Kishi, ya riga ya bayyana kansa ga Musa a kan shi mai jinƙai ne, mai alheri, mai jinkirin fushi. Maganar hukunci har tsara ta uku da ta huɗu, wadda ta tsorata ni ina yarinya, tana tare da maganar nuna ƙauna ga dubbai. Ni dai yadda na fahimce ta, tsara uku zuwa huɗu su ne mutanen da ke kwana a gida ɗaya irin namu: kaka, uba, ɗa, jika. In maigida ya kama hanyar banza, waɗannan ne hayaƙin ke shiga wa ido. Ezekiyel 18:20 kuwa ya faɗa a fili cewa ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba.

Inda abin ya warware mini gaba ɗaya shi ne littafin Annabi Hosiya, wanda wasu fassarori ke kira Yusha'u. Ya yi annabci a masarautar Isra'ila ta arewa a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu. Allah ya umarce shi ya auri mace mai bin maza, Gomer, don aurensa ya zama madubi ga jama'a. Ta haihu, aka raɗa wa 'ya'yan sunaye masu ɗaci, ɗaya "Ba Jinƙai," ɗaya "Ba Mutanena Ba." Ba zan yi kamar littafin ba shi da kalmomi masu tsanani ba. Sura ta 2 tana da barazanar da ke sa jikin mace ya yi sanyi in ana karanta ta, haka Ezekiyel 16 da 23, kuma ban ga amfanin a ɓoye wa matasa waɗannan wurare ba, za su gano su da kansu. Sai dai a bi labarin har ƙarshe. A tsakiyar fushin, mijin ya ce: ba ta sani ba ni ne nake ba ta hatsi da ruwan inabi da mai. Sannan, a daidai inda kake jiran a ce zai kore ta, sai ya ce zai rarrashe ta, ya kai ta jeji, ya yi mata magana mai taushi. A sura ta 3 aka ce wa Hosiya ya je ya sake ƙaunar matar, ya je ya fanso ta da azurfa goma sha biyar da sha'ir. Wanda aka ci wa amana shi ne ya kwance bakin aljihu. A sura ta 11 kuwa, inda misalin ya koma na uba da ɗa, Allah yana cewa yaya zan rabu da kai, ya Ifraimu, zuciyata ta juya a cikina, ba zan aikata zafin fushina ba. Dalilin da ya bayar shi ne: gama ni Allah ne, ba mutum ba.

Mu Kirista mun gaskata cewa wannan fansa da Hosiya ya yi da azurfa da sha'ir inuwa ce ta abin da ya faru a kan gicciye. Tun a ƙarni na 2 wani malami mai suna Markiyon ya ce Allah mai kishi na Tsohon Alkawari dabam ne da Uban Yesu mai ƙauna, ya so a yar da tsohon littafin ɗungum. Ikilisiyar Roma ta raba gari da shi wajen shekara ta 144. Da ta bi shi, da an bar mu da Allahn da ba ruwansa ko mun zo ko mun tafi. Na zauna da matan da mazansu ba sa kishinsu ko kaɗan, ba don sun yarda da su ba, sai don sun daina ganin su. Wata ta ce mini gara zagi da wannan shirun. Annabi Yowel ya ce Ubangiji ya yi kishin ƙasarsa, ya ji tausayin mutanensa, kishi da tausayi a numfashi ɗaya. Zakariya ya ce yana kishin Sihiyona da babban kishi, abin da ya biyo baya kuwa alkawari ne cewa tsofaffi za su sake zama a titunan Urushalima da sandunansu, yara maza da mata suna wasa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekara biyu da suka wuce wata yarinya daga cocinmu ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da dare, idonta ɗaya a kumbure ya rufe, goyo a baya. Mijinta bakanike ne a Suame, mai hannu a sana'a, yana cikin mawaƙan coci. Laifinta shi ne wani mai sayen kokonta ya kira wayarta da yamma. Washegari ya zo biko. Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Mma, ki fahimce ni, son da nake mata ne. Ai Allah ma mai kishi ne." Ya faɗe ta da zuciya ɗaya, ya yarda da abin da yake faɗa, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Na ce masa, "Ɗana, zauna. Ka karanta Hosiya?" Ya ce ya ji wa'azinsa. Na ce to a cikin wannan labari, wa kake tsammani kai ne? A misalin annabin, matar da ta ci amana ita ce Isra'ila duka, da sarakunanta da firistocinta da mazanta masu gemu. Duk namijin da ya buɗe littafin nan, a wurin Gomer aka zaunar da shi, ba a kujerar mijin ba. A sura ta 4 ma Allah ya ce ba zai hukunta 'yan mata da surukai a kan zina ba, tun da mazan da kansu suke keɓewa da karuwai. Game da kishin ɗan Adam kuwa, Littafi Mai Tsarki bai yi masa kwalliya ba. Karin Magana 27:4 ta ce hasala muguwa ce, fushi kamar ambaliya yake, amma wa zai iya tsayawa a gaban kishi? Bulus ya jera shi cikin ayyukan jiki a Galatiyawa 5, kusa da gaba da faɗa. Da ya zo gaya wa maza yadda za su yi koyi da Almasihu a cikin aure, bai ce su yi koyi da fushinsa ba, cewa ya yi su ƙaunaci matansu kamar yadda ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da kansa dominta. Allah ya san gaskiya kafin ya yi fushi, kai zato kake yi. Allah ya biya fansa daga jikinsa, kai daga fuskar 'yar mutane ka karɓi biya.

Ƙasar nan tana da dokar hana cin zarafi a cikin gida tun 2007, doka mai lamba 732, kuma 'yan sanda suna da sashe na musamman don irin wannan ƙara. Na gaya wa yarinyar haka a gabansa. Ina roƙon dattawan coci, maza da mata, su daina rufe irin wannan da "ki yi haƙuri, kishi ne, yana son ki." Duk lokacin da muka faɗi haka, mun koya wa yaran da ke leƙe ta taga cewa ƙauna da mari tafiyarsu ɗaya, kuma mun sa hannun Allah a kan takardar.

Wuri na biyu da ake aron wannan sanda shi ne a kan maƙwabta. Ƙidayar 2021 ta nuna Kirista sun kai kashi 71 cikin ɗari na mutanen Gana, Musulmi kusan kashi 20. Amma a Aboabo da Asawase da Sawaba lissafin a juye yake, mu ne 'yan kaɗan, kuma da wuya ka sami gidan Kirista a zango da ba shi da ɗan'uwa Musulmi. Ƙanwar babana Hajiya ce. Duk da haka nakan ga matashi ya dawo daga taron farkawa da zafinsa, ya daina gaida kakarsa barka da Sallah, ya hau lasifika yana kiran mutanen unguwa da sunayen da ba zan rubuta ba, in an yi magana ya ce Allahnmu mai kishi ne. Maganar cin naman layya ban sa ta a nan ba. Kirista sun sha bamban a kai, kuma na bar kowa da lamirinsa kamar yadda Romawa 14 ta koyar. Raini da zagi nake magana a kai.

Wa aka ce wa "Allahnka"? Wanda ya shiga alkawari. Miji ba ya kishin matar da bai aura ba. Bulus ya tambayi Korintiyawa, ina ruwana da hukunta waɗanda ke waje? Shi kuwa ya san abin da yake faɗa, domin da bakinsa ya shaida wa Filibiyawa cewa kishi ne ya sa ya tsananta wa ikilisiya kafin ya tuba, ya kuma yi maganar masu kishin Allah ba tare da sani ba. Na san za a kawo mini Finehas, wanda ya soke mutum biyu da mashi a Littafin Ƙidaya 25 aka yaba wa kishinsa. Yana nan a rubuce, ban musa ba. Amma mu almajiran Yesu ne, kuma mun ga abin da ya yi da irin wannan zafi. Da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar sa, Yakubu da Yahaya suka nemi izini su kira wuta daga sama, sai ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye. Da Bitrus ya zare takobi, ya ce ya mai da shi kube. Ranar da almajiransa suka tuna da ayar "kishin gidanka zai cinye ni," a Haikali ne, gidan ibadar mutanensa, ba a ɗakin tsafin Romawa ba. Kuma shi kishin ya cinye, ba wani ba.

Akwai wani dattijo mai koyar da yara allo a ƙofar gidanmu, mun fi shekara ashirin muna gaisawa. Na taɓa tambayar sa ko su ma suna da wannan magana. Ya ce, "Maƙwabciya, muna da ita," ya kawo mini hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, cewa Allah yana kishi, kuma kishin Allah shi ne mumini ya aikata abin da Allah ya haramta masa. Kalmar mumini ce ta tsaya mini a rai. Ba ina cewa addininmu ɗaya ba ne. Ni na gaskata Yesu Ɗan Allah ne, ya mutu ya tashi, Malam bai gaskata haka ba, kuma ba mu taɓa yi wa juna ƙarya a kan wannan ba. Ina yi masa addu'a, na tabbata shi ma yana yi mini. A 2019, lokacin da Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya cika shekara 100, ya je cocin Katolika na Christ the King a Akra ranar Ista ya zauna cikin jama'a. Ya shiga da addininsa ya fito da addininsa, waɗanda suka tarbe shi ma haka. Ban ga abin da aka rage wa Allah a ranar ba.

Inda ayar take da haƙora na gaske, a nan ne muke yin shiru. Laifi tudu ne. Isra'ilawa ba su taɓa yin shela cewa sun bar Ubangiji ba. Ƙari suka yi masa. Ubangiji don yaƙi da ranar idi, gunkin Ba'al don ruwan sama da amfanin gona. Shi ya sa Iliya ya tambaye su a Dutsen Karmel har yaushe za su yi ta ɗingishi tsakanin ra'ayi biyu. Duk mazaunin Kumasi ya san wurin tsafin kogi da ke Antoa, ya san ana tsine wa mutum da sunan kogin da ƙwai da kwalbar giya. Mai bin addinin gargajiya da ya je can, hanyarsa ce yake bi a fili, ba da shi nake ba. Da mai baftisma nake, wanda aka ci masa bashi a kasuwa ranar Juma'a, ya kai ƙara can ranar Asabar, ya zo ya karɓi jibin Ubangiji ranar Lahadi. Da mu nake, masu rufe shago don jana'iza amma ba ma iya rufe shi don sujada, alhali Yesu ya ce ba mai iya bauta wa iyayengiji biyu, ya kuma kira na biyun da sunansa, dukiya.

Har a cikin coci gunki na iya tsayawa a kan mumbari. In mace ta fi dogara ga hoton fasto da ta manna a ƙofar shago, da kwalbar man da ta saya a hannunsa, fiye da Allahn da faston ke ambata, an riga an yi wa Allah ƙari. In kuma fasto ya ce duk wanda ya je wani coci ya ci amana, ya kawo ayar kishi, to kishin kansa yake yi. Bulus ya ce wa Korintiyawa yana kishinsu da kishi irin na Allah, amma ya ƙarasa maganar: don ya bashe su ga miji ɗaya, Almasihu. Yahaya Mai Baftisma ya kira kansa abokin ango. Kowa a zango ya san aikin abokin ango: ya yi zirga-zirga, ya sayi baki, ya raka amarya har ƙofa, sannan ya juya ya tafi gida. Musa ma, da Joshuwa ya so a hana wasu mutum biyu yin annabci a sansani, cewa ya yi, kishi kake yi domina? Da ma dukan jama'ar Ubangiji annabawa ne.

Ban rubuta wannan daga kan tudu ba. Lokacin da ɗana na fari yake da shekara biyu, zazzaɓi ya kama shi har yana sanƙarewa. Muka kai shi asibiti, zumuntar mata suka yi ta addu'a. Ana cikin haka wata gwaggona ta zo daga arewa da wani ƙulli da boka ya haɗa, an ɗinke shi cikin fata da wuri guda a jiki, ta ce in ɗaura masa a ƙugu. Na ɗaura, a ƙarƙashin riga inda masu addu'a ba za su gani ba. Yaron ya warke. Na tsaya a gaban jama'a na ba da shaida, na yi godiya ga Yesu, kuma da gaske nake. Amma ƙullin ban yar ba. Na sa shi a ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwa, kusa da katin baftismata. Ban taɓa yi masa magana ba, ban taɓa zuba masa komai ba. Na dai ajiye shi ne ko da wani abu zai taso. Shekara goma sha tara yana nan. Duk lokacin da yaro ya yi zafin jiki a gidan, bakina na kiran Yesu, zuciyata na leƙa akwati.

Wani dare ina karatu na kai wurin nan na Hosiya, ba ta sani ba ni ne nake ba ta. Na rufe littafin na daɗe a zaune. Ban ji tsawa ba, ban ji barazana ba. Abin da na ji ya fi kama da ranar da na gane Mma ta sayar da zanenta mafi tsada don ta biya mini kuɗin makaranta, ni kuwa na yi shekaru ina gode wa wani kawu. Na tashi na buɗe akwatin, na hura kurfoti a bayan ɗaki, na sa ƙullin a wuta. Hannuna na rawa, domin tsoron na gaske ne, kuma har gari ya waye ina kasa kunne ko wani zai yi tari a gidan.

Ban taɓa ba kowa wannan labari ba sai Larabar da ta biyo bayan tambayar yarinyar Kejetia. Na ce mata, 'yata, Allah ba shi da kishiya, amma ni na taɓa ajiye masa wata a ƙasan akwati. Ɗakin ya yi tsit, har dattijuwar da ta tsawata mata ta sunkuyar da kai. Muka yi waƙa, muka yi addu'ar rufewa, kowa ta nemi takalminta. Da na fito, mata biyu suna jira na a bakin ƙofa, ɗaya ta rungume jakarta a ƙirji da hannu biyu, ta ce, "Mma, in kin sami lokaci gobe, ina so ki zo gidana."